Faifan da Marvin Gaye ya kafe sai ya fito

A watan Mayun 1971 kamfanin Motown na Detroit, a Amurka, ya saki faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Da waƙoƙin soyayya aka san Marvin a da. Sai ƙaninsa ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai masu tayar da hankali, ga rasuwar abokiyar waƙarsa Tammi Terrell a 1970. Daga nan hankalinsa ya koma kan damuwar jama'a: yaƙi, talaucin unguwannin baƙar fata, zaluncin 'yan sanda, har gurɓatar muhalli.

Mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi waƙar farko ta faifan, yana ganin ba za ta yi kasuwa ba. Marvin ya ce ba zai ƙara ɗaukar waƙa ba sai an sake ta. Tana fitowa ta karɓu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yawancin waƙoƙin tara ke shiga juna babu tsayawa, ga muryarsa biyu a haɗe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mutum yana yi wa kansa amshi. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa faifan na ɗaya cikin fayafai 500 da ta zaɓa.