Uwar Garken Saƙonni Ta Tsufa: Zaɓi Biyu Da Ke Gaban Ma'aikatu

A kowace babbar ma'aikata, banki ne ko kamfani ko ofishin gwamnati, akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba. A nan ake ajiye babbar kwamfutar nan da ake kira uwar garke, wadda duk wasiƙar imel da ta shigo ko ta fita sai ta bi ta kanta. Shi kuwa ma'aikacin da ke riƙe da makullin ɗakin, ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da maigida ya zauna da safe ya ga saƙo ya ƙi tafiya. To, tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, nauyin da ke kan wannan ma'aikaci ya ƙaru.

A ranar ce kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye tallafinsa ga manhajojin Exchange Server 2016 da 2019, waɗanda ke sarrafa imel, tare da Skype for Business Server 2015 da 2019, masu kula da kira da taro. Ba wai sun daina aiki ba ne. Za a kunna su, kuma saƙonni za su ci gaba da tafiya. Abin da ya canja shi ne, idan aka gano wata ɓaraka a jikinsu, kamfanin ba zai ƙara aiko da maganinta kamar yadda ya saba ba, in ban da ƙarin wa'adi na 'yan watanni da ya ware wa masu iya biyan kuɗi na musamman.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya san yadda aka zo nan. A da, wayar tebur da layinta da mai gyaranta daban suke, imel daban, na'urar faks daban. Daga baya aka tattara imel da kalandar taro da gajeren saƙo da kiran murya da taron bidiyo a ƙarƙashin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, abin da ake kira haɗaɗɗiyar sadarwa. Microsoft ya fito da Office Communications Server a 2007, ya maye gurbinta da Lync a 2010, ita ma ta koma Skype for Business a 2015, sannan Teams ta bayyana a 2017. Sauƙi ya samu, to amma fa wanda ya sace makulli ɗaya ya buɗe dukkan ƙofofin gida.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, sai ya tuna da watan Maris na 2021. Ranar 2 ga watan, Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa kan wasu kafofi huɗu da 'yan dandatsa suka gano a jikin Exchange, ya kuma ɗora laifin kan wani gungu da ya kira Hafnium, wanda ya ce daga ƙasar Sin yake aiki, zargin da hukumomin Sin suka musanta. Kafin jama'a su farga, an kiyasta cewa an kutsa cikin ma'aikatu aƙalla 30,000 a Amurka kaɗai. Hukumar kula da bankuna ta Tarayyar Turai sai da ta kashe imel ɗinta na ɗan lokaci, haka ma majalisar dokokin ƙasar Norway ba ta tsira ba. Hasali ma, ɓarayin sun bar wa kansu ƙofar baya a cikin kwamfutocin, har sai da hukumar FBI ta nemi izinin kotu a watan Afrilu ta shiga ɗaruruwan uwayen garke ta cire ta. A lokacin an samu magani, jinkirin sha kuma ya ƙara asara. Yaya ke nan ga manhajar da ba a ƙara haɗa mata maganin ba?

Zaɓi biyu ne a gaban mai kula da tsarin. Na farko, ya bar uwar garkensa a ofis amma ya koma sabuwar manhajar Exchange Server Subscription Edition, wadda ta fito a watan Yuli na 2025, kuma da kuɗin haya ake riƙe ta maimakon saye na dindindin. Wanda ke kan Exchange 2019 da sabuntawar CU14 ko CU15 zai iya ɗora ta kai tsaye a kan tsohuwar. Mai Exchange 2016 kuwa sai ya kafa sabuwar uwar garke, ya kwashe akwatunan saƙon ma'aikata rukuni-rukuni.

Na biyu, ya miƙa komai ga Exchange Online da Teams, inda kamfanin ne da kansa ke ajiye saƙonni a cibiyoyinsa, shi ke toshe kafofi. Harin 2021 bai taɓa masu wannan tsari ba. Sai dai a nan yankinmu akwai abin dubawa. Ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Sadarwa ta rikice a Ghana da Benin da Nijeriya, har da Nijar wadda ba ta da bakin teku, ta maƙwabta take samun layi. Ma'aikatar da duk wayarta da wasiƙunta ke can ƙetare, a irin wannan rana ko na ofishin kusa ba za ta iya aika wa saƙo ba. Don haka duk mai shirin ƙaura ya tanadi layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, ya kuma tambaya ko ba waya ɗaya suke bi su duka ba.

Ko wanne aka zaɓa, akwai ayyukan da ba sa faɗuwa. A rubuta duk uwar garken da ake da ita da nau'in manhajarta, domin wadda aka manta da ita a lungu ita ɓarawo ke fara samu. Microsoft na da ɗan shirin bincike na kyauta mai suna Health Checker da ke nuna wannan. A sa ido kan Talata ta biyu ta kowane wata, ranar da kamfanin ke fitar da gyare-gyaren tsaro. A tilasta wa kowa tantancewa mai mataki biyu, daga masinja har shugaba, kada girma ya sa a ɗaga wa wani ƙafa, don akwatin shugaban aka fi nema. A rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Bugu da ƙari, a riƙa adana kwafin saƙonni a wani wuri daban, kuma a gwada dawo da shi lokaci-lokaci, saboda kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana da rai ba.

Daga ƙarshe, magana ta koma kan shugabanni, domin mai kula da tsarin ba shi ke sa hannu a kasafin kuɗi ba. Kwangiloli, takardun albashi da sirrin abokan hulɗa duk suna kwance a cikin waɗannan akwatuna. Idan ya zo da takardar neman kuɗin sabuntawa, a saurare shi tun saƙo yana tafiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.