Yadda siririyar waya ke cinye wutar sola a gonakin Madobi

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani a Madobi, Kura da Bunkure suka fara komawa ga injin ban ruwa mai amfani da hasken rana. Yankin ya dogara ne da Kogin Kano da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Sai dai manomi kan sayi farantan sola masu tsada, ya haɗa su da waya mai araha, ruwa kuma ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan.

Dalilin shi ne kowace waya tana turje wa lantarki, abin da ta tare kuma ya zama zafi. Masanin Ingila James Joule ya nuna tun shekarun 1840 cewa idan lantarkin da ke gudana ya ninka biyu, asarar ninkawa huɗu take yi.

Ga misali: inji yana nesa da farantai da mita 100, wato wayar mita 200 zuwa da dawowa. Idan ta tagulla ce mai lamba 2.5, tana ɗauke da amfiya 10, kusan wat 140 za ta cinye. Mai lamba 6 kuwa ba za ta kai wat 60 ba. Wayar alminiyam da aka shafe da tagulla ta fi asara.

Matsala ta biyu a rediyo ake jin ta. Inbata tana kunna wuta ta kashe sau dubbai a daƙiƙa guda, doguwar waya kuma ta zama tamkar eriya, sai shuu ya danne tashoshin gajeren zango.

Injiniyoyi ba sa jira sai sun yi asara. Sukan zana haɗin a kwamfuta, su sauya kauri da tsawon waya, su ga zafi da kutsen da za a samu. Manhajar SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka a 1973, ita ce tushen yawancin manhajojin wannan aiki.

Ga manomi, matakan ba su da wuya: ya kusantar da farantai ga inji, ya sayi tagulla mai kauri, ya ɗaure mahaɗai da kyau, wayoyin biyu su tafi a haɗe. Wayar da ta yi zafi da tsakar rana, ruwan tumatir take sha.