Na Ɗaure Ragon Suna, Ban Bar Kuɗin Asibiti Ba

A damanar 1998 ina Marwa wajen sayen albasa naƙuda ta kama uwargidana a ɗakinmu na haya da ke unguwar Hausawa ta New Bell, nan Duwala. Cikin fari ne, kuma lokacin wayar hannu ba ta zo hannun talaka ba. Tun cikin yana wata bakwai na sayi rago na ɗaure a tsakar gida, har kuɗin dusa na bari. Kuɗin asibiti kuwa ko dala ban ajiye ba, ban kuma ce mata "in abu ya taso ki tafi" ba.

Kwana biyu ta yi tana naƙuda. Tsofaffi na ta ba ta jiƙe-jiƙe, kowa na cewa a jira mai gida. Da maƙwabcinmu ya ga abin ya wuce gona da iri ya nemo tasi, ruwa ya riga ya cika layin, sai a hannu aka ɗauko ta zuwa bakin titi. Ita Allah ya yi da sauran kwana. Yaron bai zo da rai ba. Na dawo na tarar da ragona yana cin dusa.

Ban ja da ƙaddara ba. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: me ya sa mu fatake muka iya lissafin kuɗin mota da na kwastan tun kafin kaya su taso, haihuwar da muka san da zuwanta wata tara kuma kullum sai ta zo mana kamar gobara?

Duk wanda ya zauna New Bell ya san halin da matanmu ke goyon ciki a ciki. Ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, lunguna ƙanana da mota ba ta shiga, kwatami a bakin ƙofa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan yini ya kwana, sauro kuwa ba shi da hutu. Ga asibitin gunduma a cikin unguwar, ga Laquintinie can Akwa, tafiyar 'yan mintuna a babur. Ke nan matsalarmu ba nisa ba ce. Abu uku ne ke tsare mace a ɗaki: babu kuɗi a hannunta, babu izinin miji, ga kuma Faransanci. Yarinyar da aka auro daga Kano ko Maradi, in an tambaye ta da Faransanci ta kasa amsawa a gaban mutane, ba ta sake komawa awo.

Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2011 mata 782 ke rasuwa a Kamaru cikin kowace haihuwa dubu 100. A 2018 adadin ya sauko zuwa 406. An samu sauƙi, amma ɗari huɗu ɗin nan matan wasu ne, kuma yawancinsu jinkiri ne ya ci su.

Ni da, a zatona awon ciki taɓa ciki ne kawai a karɓi kuɗi. Ashe a nan ake auna hawan jini, wanda shi ke kawo jijjigar da muke ɗora wa iska. A nan ake ba da maganin ƙarin jini, da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus, da gidan sauro. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta sauka. In ka ga zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko ɗa ya daina motsi, to ba lokacin jiran kowa ba ne, ko tsakar dare ne.

Bayan haihuwa ma akwai gyara, kuma ina roƙon iyayenmu mata su yi mini afuwa. Dakashin nan da ake matsewa a zubar, a ce ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na jariri. Nono zalla ya ishe shi wata shida, ko ruwa ba ya buƙata, balle ruwan rijiyar New Bell da damina. Cibiya a bar ta da tsabta, kada a shafa mata toka ko man goge baki. Cire belu da askar wanzami ya sha jawo zubar jini. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka gano alaƙarsu da ciwon zuciyar masu jego. A yi wanka da ruwan ɗumi, a rage kanwa, al'ada ba ta faɗi ba.

Allurar rigakafin yara kyauta ce: ta ranar haihuwa, ta sati 6, 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata tara. Tun 2011 gwamnati ta sa maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya zama kyauta a asibitocinta. Haƙƙinka ne, ka tambaya. Kada kuma ka yi sakaci da takardar haihuwa, don ɗan baƙo da ba shi da ita yana shan wuya ranar jarrabawa.

Shekara uku da suka wuce ɗiyata ta haihu a wata bakwai, jaririya kamar a tafin hannu. Wannan karon kuɗi na wayarta, kuma mijinta ya riga ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa ta fita ba sai an kira shi ba. Aka koya mata goyon ƙirji, wato a ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata dare da rana. Dabarar daga Bogota ta ƙasar Kolombiya ta fito a 1978, kuma an daɗe ana yin ta a Laquintinie. Da uwar ta gaji, uwargidana ce ke karɓa ta ɗaura a nata ƙirjin. Na ga hawaye a idonta, ban tambaye ta dalili ba, na sani. Yau yarinyar ita ke ɓarar mini da albasa a rumfa.

To 'yan'uwana fatake, kafin ka hau mota zuwa Garwa ko Kano ka bar mai ciki a gida, yi abu uku. Ka ba ta izini da bakinka a gaban shaida. Ka bar kuɗin haihuwa a hannunta ko a wayarta, ba a hannun ƙaninka da ke yini kasuwa ba. Ka kuma nema mata maƙwabciya mai jin Faransanci da za ta raka ta awo, da lambar mai mota ɗaya da zai amsa waya da dare. Mu da muke zuba adashin jari duk sati, ware na haihuwa ba zai gagare mu ba.

Rago kuwa yana nan a kasuwa har ranar bakwai, ba ya ƙarewa. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana zuri'a, amin.