Daga motar kara zuwa kumbon wata: kayan aikin suna bakin kasuwa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Adar bayan girbi, daga Buza zuwa Keita ko Madawa, ya ga yara suna jan motocin da suka ƙera da karan dawa. Da ɓawon kara da totuwarsa, da guntun waya da tsohon silifa, yaro zai fitar da babbar mota har da madubinta. Amma yau kayan wasa na roba sun cika kasuwanni, wannan fasaha tana ja da baya, alhali makarantunmu suna kukan rashin kayan koyarwa. Hannun da ya iya motar kara zai iya ƙera kumbo, in an nuna masa abu guda: awo.

Mu ɗauki rokar Saturn V, wadda ta ɗaga kumbon Apollo 11 na Amurka zuwa wata a watan Yuli na 1969. Tsawonta kimanin mita 110 ne. In aka rage kowane awo sau ɗari, mita ɗaya ta koma santimita ɗaya, sai a sami roka mai tsawon mita ɗaya da santimita 10. Faɗin hawanta na farko da na biyu mita 10 ne, wato santimita 10 ke nan: sai a nemi gwangwanayen madarar gari masu wannan faɗi a jera su. Hawa na uku faɗinsa mita 6,6 ne, kuma abin mamaki, gwangwanin lemo da aka saba sha faɗinsa santimita 6,6 ne cif. Ɗan sama jannati kuwa ba zai kai santimita 2 ba, guntun ashana ya ishe shi.

To, jiki kaɗai bai isa ba. Abin da ke sa mai kallo ya tsaya shi ne ƙananan abubuwa, kuma a nan ne idon maƙeri yake aiki. Injuna biyar da ke gindin rokar, marufan kwalba ko na man goge haƙori za su tsaya a madadinsu, huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Layukan da ke zagaye da mahaɗar hawa da hawa, tsinken tsintsiya ne ko kaba da aka tsaga siriri, irin wadda masaƙan tabarmin Madawa suka sani. Bututun tsohon bik zai zama hanyar mai, ashana ta zama hasumiyar tsira da ke can ƙoli. Ƙaramin kumbon da ya sauka a kan wata an lulluɓe ƙasansa da wani lulluɓi mai ruwan zinariya don kare shi daga zafi da sanyi. Takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, in an ɗan cukuikuye ta, kamarsu ɗaya. Ƙaro da aka jiƙa shi ne abin manna takarda da kara, alli ya ba da fari, gawayi ya ba da baƙi.

Kada wani ya ce wannan dabarar talauci ce. Waɗanda suka ƙera jiragen fim ɗin Star Wars na 1977 haka suka yi: sun ciro gutsattsarin tankokin yaƙi da motocin wasa na roba, suka manna a jikin jiragensu don su yi kama da manyan na'urori. Bambancinsu da yaron Buza kuɗi ne kawai.

Kuma zancen sama ba baƙo ba ne ga manomin wannan yanki. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana amfani da hotunan taurarin ɗan adam wajen bibiyar damina. Itatuwan dogon yaro da aka fara jerawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da ayyukan farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984 da taimakon Italiya, duk ana ganin sawunsu daga sama. Yaron da ya haɗa tauraro da akwatin ashana, ya yi masa fukafukan hasken rana da tsohon katin waya, ya fara fahimtar inda labarin ruwan sama yake fitowa.

Sai dai a kula: bakin gwangwani kaifi gare shi, babba ya kamata ya yanka ya lanƙwashe shi, kuma kada a bar yara su fasa tsohon batir.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da iyaye da su buɗe wa wannan aiki ƙofa. Darasin rabawa da ɗari, wanda yake ba ƴan makaranta wahala a kan allo, a jikin gwangwani cikin yini guda zai zauna. Da ma Hausawa sun ce, da abin da ke hannu ake jifa.