Yadda ake saita fiyanon zamani ya fahimci saƙonnin MIDI

A ɗakunan haɗa kiɗa na Kano da Kaduna da Jos, fiyanon lantarki da kwamfuta ne ke yin aikin da a da sai an tara makaɗa. Abin da ke haɗa na'urorin biyu shi ne MIDI, tsarin da ya fito a shekarar 1983 bisa jagorancin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan.

Wayar MIDI ba ta ɗauke da sauti ko kaɗan, umarni kawai take kaiwa: an danna maɓalli mai lamba 60, da ƙarfi kaza, an kuma sake shi. Yawancin waɗannan ƙididdiga daga 0 zuwa 127 suke. Na'urar da ta karɓi umarnin ita ke yanke abin da kunne zai ji, don haka sau da yawa fiyanon da ake zaton ya lalace saitinsa ne kawai ya saɓa da na kwamfuta.

Farkon abin dubawa shi ne tasha. Waya ɗaya na ɗauke da tashoshi 16, kuma kamar rediyo, fiyano na jin tashar da aka kamo masa ne kaɗai. Idan kwamfuta na aikawa ta tasha ta 3 alhali shi yana sauraron ta 1, shiru za a ji. Akwai saitin Omni da ke sa shi karɓar duk abin da ya zo, wanda ke da amfani wajen gwada ko wayar na aiki, amma idan aka bar shi a kunne, kiɗan ganga da na jita duk za su fito da murya guda. A ƙa'idar General MIDI ta 1991, an keɓe tasha ta 10 ga ganguna, shi ya sa wanda ya tura karin waƙarsa can bisa kuskure yake jin bugun ganga maimakon sarewa.

Wani saitin da kan jawo asarar kuɗi shi ne wanda ake rubuta wa Local a jikin na'ura. Shi ne ke haɗa maɓallan fiyano da injin sautinsa na ciki. Lokacin ɗaukar kiɗa, kwamfuta kan mayar wa fiyano da duk saƙon da ya aiko mata. Idan Local na kunne, kowane sauti zai fito sau biyu kusan a tare, muryar ta shaƙe, adadin sautukan da na'urar ke iya fitarwa a lokaci guda kuma ya ragu da rabi. Maganin shi ne a kashe shi. Sai dai wasu na'urorin na riƙe wannan saiti ko bayan an ɗauke wuta, don haka makaɗin da ya cire waya ya tafi wurin biki zai tarar da fiyanonsa ya zama bebe. Kafin a kai wa mai gyara, nan ya kamata a fara lekawa.

Sai saƙon sauya murya, wanda ke zaɓar ɗaya daga cikin muryoyi 128. Wasu kamfanoni na ƙirga su daga 0, wasu daga 1, abin da ke sa a nemi murya ta 74 a samu maƙwabciyarta. Na'urar da ke da muryoyi fiye da haka tana buƙatar saƙo mai lamba 0 da mai lamba 32 su riga zuwa domin zaɓen rukuni. Wanda ya ɓata lokaci yana gyara muryar da yake so zai iya hana fiyano karɓar wannan saƙo gaba ɗaya, don kada buɗe wata tsohuwar waƙa ya sauya masa ita.

Jerin muryoyin General MIDI na da sitar ta Indiya da koto ta Japan, amma babu kalangu, babu algaita, babu kukuma. Mai son kwaikwayon su dole ya dogara da 'yar ƙafar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu na fiyano, domin ita ce ke iya kusantar yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Saƙon da ƙafar ke aikawa ba ya faɗin nisan hawan. Na'urar da ke karɓa ce ke ƙayyade shi, kuma galibi tana zuwa da rabin mataki biyu sama, biyu ƙasa. Idan aka ɗauki kiɗa a fiyanon da aka buɗe wa 12, aka kai shi wani situdiyo mai saitin 2, duk lanƙwasar za ta takure, kiɗan ya saɓa wa muryar mawaƙi. Yana da kyau a rubuta wannan lamba tare da sunan waƙar.

Wani lokaci kuma sauti kan maƙale yana ta kuka, saboda saƙon sakin maɓalli ya ɓace a hanya, ko an sauya tasha ana tsakiyar dannawa. Saƙo mai lamba 123 na umartar tashar ta saki duk sautukanta, kuma manhajojin kiɗa da dama sun tanadi maɓalli guda da ke aika shi ga tashoshi 16 a lokaci ɗaya. Idan bai tsaya ba, a duba takalmin da ake takawa don jan sauti, mai lamba 64, domin muddin na'ura na ganin an taka shi, ba za ta yi shiru ba.