Zaɓen Akwatin Rediyo na Gajeren Zango a Ƙasar Dogon Daji

Ran 13 ga Maris, 1957, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC daga birnin Landan, shiri na minti 15 kacal. Cikin 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Jamus da Sin suka soma magana da Hausa cikin 1963, Muryar Amurka cikin 1979, Faransa kuwa sai cikin 2007. Galibin waɗannan muryoyi ta gajeren zango suka iso Dogon Daji, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Tambuwal a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, da kuma ƙauyukan Kebbe da ke nesa da titi. Tun daga wancan zamani akwatin rediyo ya zama abokin tafiyar manomi da makiyayi da ɗan kasuwa.

Masu sauraro iri biyu ne. Akwai mai neman labarin duniya safe da yamma, wanda ƙaramin akwati irin su Kchibo ya ishe shi. Akwai kuma mai farautar tashoshi, watau mutumin da zai raba dare yana murɗa akwati domin ya kamo wata raunanniyar murya daga Barazil ko Indiya, ya rubuta zangonta da lokacinta a littafi. Shi ne ke tunanin sayen akwati mai tsada, ko kuwa sabuwar na'urar nan da ake haɗawa da kwamfuta, kuma shi ne ya fi kusa da yin asarar kuɗinsa in bai san abin da yake saye ba.

Kada a ɗauka sha'awa ce kurum. Cikin Satumba 2021 aka katse layukan wayar salula a Jihar Zamfara, sa'an nan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Cikin Agusta 2023 hukumomin soja na Nijar suka dakatar da RFI, cikin Disamba 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. Tashar FM da ke cikin gari ana iya kulle ta da takarda guda, amma muryar da ta faɗo daga sama ba ta bi ta shingen kowa. Duk da haka ita ma tana iya ɗaukewa daga tushe, kamar yadda aka gani cikin Maris 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, da kuma cikin 2015 lokacin da Jamus ta rufe tasharta ta Kigali. Tashoshi sun ragu, waɗanda suka saura kuma ba duka ke da ƙarfi ba, saboda haka ingancin akwati ya ƙara muhimmanci.

Yadda murya ke isowa

Gajeren zango ya kama daga megahaz 3 zuwa 30. Mitocin da masu shela ke ambata lissafi ne mai sauƙi: a raba 300 da adadin megahaz, sai a sami mita. Tashar Hausa ta Kaduna da aka daɗe da sani a kan kilohaz 6090 tana cikin mita 49 ke nan. Mai kilohaz 15,400 kuwa tana cikin mita 19.

Can sama akwai rufin iska wanda hasken rana ya cika da lantarki, ana kiransa ayonosfiya. Ɓangarensa na sama, mai nisan kilomita 200 zuwa 400 daga ƙasa, shi ke tanƙwaro igiyar rediyo ta dawo. Ta haka muryar da aka harba daga tsibirin Asenshon, inda BBC ta kafa tasha cikin 1966, take tsallake teku da ƙasa kimanin kilomita 3,000 ta sauka a Tambuwal. Amma a ƙarƙashinsa, tsakanin kilomita 60 da 90, akwai wani ɓangare da rana ke tayarwa, wanda ke shanye ƙananan zanguna, ya kuma watse in dare ya yi. Wannan ne dalilin da ya sa mita 49 da 41 suka fi amfani da dare da asuba, mita 19 da 16 da rana, mita 31 da 25 kuwa suna tsaka-tsaki. Ƙarfin rana kansa yana hawa da sauka cikin zagaye na kimanin shekara 11. Zagayen da ya soma cikin Disamba 2019 ya kai ƙololuwa cikin 2024. Gidajen rediyo suna sake jadawalin zangunansu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Sau da yawa mutum yakan zargi akwatinsa da lalacewa, alhali tashar ce ta yi ƙaura.

Abin da kuɗi ke saye

Mai sayarwa yakan yabi akwati da cewa yana da jin nesa. Wannan ita ce siffa mafi araha, domin kusan kowane akwati na zamani yana da ita daidai gwargwado. Abin da ke raba mai tsada da mai araha ya fi haka ɓoyuwa.

Na farko shi ne tacewa. Tashoshin gajeren zango suna jere da tazarar kilohaz 5 kawai, sau da yawa ƙaƙƙarfa tana zaune kusa da raunanniya. Akwati nagari yana da matatai daban-daban, mai faɗi domin daɗin sauti in fili ya yi sarari, mai ƙunci kamar na kilohaz 2 ko 3 domin lokacin cunkoso. Wanda ba shi da zaɓin matata, mai shi zai riƙa jin harshe biyu a lokaci guda.

Na biyu shi ne juriya. In aka ɗaura wa ƙaramin akwati doguwar waya, manyan tashoshi sukan cika masa ciki har ya soma nuna su a wuraren da ba sa nan, raunana kuma su nutse. Akwatunan tebur irin su Yaesu FRG-7 na 1976, da Kenwood R-5000, da Drake R8, da Icom IC-R75, a nan suka yi suna. An daina ƙera su duka, sai dai a samu na hannu. Icom IC-R8600 da ya fito cikin 2017 kuwa kuɗinsa ya haura dala 2,000 tun ran farko. Wanda zai sayi tsohon akwati ya tuna cewa mai gyaran da ya san cikinsa ba a kowace kasuwa yake ba, kayan gyaransa ma haka.

Na uku ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Igiyar tashar gajeren zango tana da ginshiƙi a tsakiya da fukafukai biyu, kowane fiffike ɗauke da cikakkiyar maganar. Tana isowa ta hanyoyi da yawa a sama, wata ta riga wata, sai wani lokaci ginshiƙin ya dushe fukafukan su saura, murya ta dagule kamar mai magana da ruwa a baki. Wasu akwatuna suna da dabarar kafa nasu ginshiƙin a madadin wanda ya dushe, su kuma bar mai sauraro ya zaɓi fiffiken da ke nesa da maƙwabciya mai damu. A jikin akwati ana rubuta wa maɓallin SYNC. Sony ICF-2010 na 1985 shi ya shahara da ita, har yau kuma da shi ake gwada na baya. Cikin na hannu da suka biyo, Tecsun PL-660 ya sami yabo a kanta. Sai kuma maɓallin SSB, wanda ke buɗe maganar masu rediyon sha'awa a mita 20 da 40. Mai neman labarai kaɗai bai buƙace shi ba.

Batir ma abin dubawa ne tun kafin a biya kuɗi. PL-660 yana cin ƙananan batura huɗu irin na kanti. PL-880 da PL-990 da XHDATA D-808 suna aiki da batirin caji mai lamba 18650, PL-330 kuwa da BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda ba ya wuyar samu.

Rediyon manhaja

Na'urar da ake rubuta wa SDR ɗan ƙaramin akwati ne marar lasifika, marar abin murɗawa. Aikinsa shi ne ya ɗebo yanki guda na zanguna ya mai da shi lambobi, ya miƙa wa kwamfuta; tacewa da fitar da murya duk manhaja ke yi. Cikin 2012 aka gano cewa 'yan sandunan kallon talabijin masu ƙwayar RTL2832U, na kimanin dala 20, suna iya wannan aiki, daga nan abin ya bazu a duniya.

Fa'idarsa biyu ce, kuma babu akwatin hannu da ya kama ƙafarsa a kansu. Mutum yana ganin tashoshi da idonsa a fuskar kwamfuta, kowace ta ja layinta, har wadda ta kunno yanzu-yanzu. Sa'an nan yana iya naɗe yankin baki ɗaya. Airspy HF+ Discovery na 2019 yana ɗaukar faɗin kilohaz 660, wanda ya rufe mita 31 duka. In aka naɗi minti biyar a daidai cikar awa, lokacin da kowace tasha ke faɗin sunanta, sai a zauna daga baya a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai naɗin awa guda yakan ci kimanin gigabait 11.

Bambancin farashi a nan yana ga ma'auni. Sandar RTL tana auna igiya da matakai 256 kaɗai, SDRplay RSP1A da RSPdx kuwa har 16,384. Sikelin buhun gero ba ya auna zinari: mai ƙarancin matakai, in babbar tasha ta shigo, ƙaramar ta ɓace masa. Bugu da ƙari, sandunan RTL na asali ba su sauko galibin gajeren zango ba, sai irin su RTL-SDR Blog V3 da V4 da aka yi wa gyara musamman. Jabu kuma sun yi yawa a kasuwannin intanet, kwali ɗaya, suna ɗaya, ciki daban.

Akwai kuma na'urori irin su KiwiSDR, da ta Jami'ar Twente a ƙasar Holan, waɗanda masu su suka buɗe wa kowa ya saurara ta intanet. Suna da amfani wajen tabbatar da ko tasha tana kan iska. Amma abin da kunnen Holan ya ji ne suke kawowa, kuma ranar da aka katse layi, kamar cikin 2021, su ma sun tafi.

Wuri da waya

Abin da mazaunin Dogon Daji ya fi mazaunin Kano ko Landan da shi, ba a sayar da shi a kanti: shirun lantarki. Raunanniyar tasha ana jin ta ne gwargwadon yadda ta ɗara ƙarar da ke kewaye da eriya, manyan birane kuwa cike suke da ƙarar na'urori. Akwati matsakaici a bakin fadama yakan kamo abin da na dala 2,000 ya kasa a tsakiyar birni. Wannan shiru yana raguwa, domin inbatar sola, da cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na LED, da fulogin janareta duk suna watsa ƙara a gajeren zango. A nan rediyon manhaja yake da rauni: yana zuwa da kwamfuta, kwamfuta da cajarta, su kuwa suna cikin masu ƙarar. Maganinsa a cire caja a yi aiki da batir, ko a haɗa na'urar da wayar Android ta manhaja irin SDR++, a kuma nisanta eriya daga ɗaki.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a kashe ko kwabo ba shi da wuya. A ɗauki akwatin da ake da shi, a tsaya a wani zango da babu tasha, a kashe kayan wutar gida ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Sa'an nan a fita da shi bayan gari a sake. In ƙarar ta faɗi ƙwarai a waje, gidan ne ke da ciwo, sabon akwati kuwa zai ji ƙarar nan fiye da tsohon.

Eriya ba ta buƙatar tsada. Wayar tagulla mai tsawon mita 10 zuwa 20, a ɗaure ta sama tsakanin dogon yaro da ginshiƙi, nesa da wayar wuta da rufin kwano, ta ishi akwatin tebur ko SDR nagari. Akwatin hannu kuwa mita 5 zuwa 7 sun ishe shi, fiye da haka sai ya ƙware. Inda ƙarar maƙwabta ta yi yawa, eriya mai siffar zobe ta fi, domin ana juya ta har ƙarar ta kwanta. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, tartsatsin walƙiya yakan cika mita 60 da 49, sai mai farauta ya hau sama zuwa 25 da 19. Da hunturu sama takan yi tsit, lokacin ne kuma aka fi samun tashoshin nesa, musamman da asuba da gab da magariba. Amma busasshiyar iska mai ƙura tana tara lantarki a doguwar waya, wanda ke iya ƙona ƙofar shigar akwati ba tare da an ga ko hayaƙi ba. Saboda haka akan kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a haɗa shi da akwati, in an gama saurare kuma, ko hadari ya taso daga gabas, a zare wayar eriya a jefa bakinta waje.