Mai Tsaron Gida: Sana'ar Riƙon Amana Tsakanin Turaku Biyu

Da an sallame sallar la'asar a babban masallacin Zongo na Kwatano a ƙasar Benin, rana ta fara sanyi, sai ka ga yara sun ɓullo da tamaula a duk lungun da 'yan zemijan, wato 'yan acaba masu rawayar riga, suka rage wa zirga-zirga. A ajiye duwatsu biyu can, silifa biyu nan, fili ya samu. Rabon 'yan wasa ba ya ɗaukar lokaci, don kowa gaba yake so. Gardama ɗaya ce kullum: wa zai tsaya a gola? Daga ƙarshe sai babban cikinsu ya nuna ƙaraminsu, ko wanda ya zo a makare, ya ce, "Kai ƙane, shiga gola." Ta wannan ƙofar yawancin masu sana'ar suka shigo ta. Tura su aka yi, daga baya suka gane cewa babu wuri mai nauyi a fili kamar inda aka tura su.

Faransanci na kiransa gardien, 'yan ƙwallo na cewa gola, amma sunan da Bahaushe ya raɗa masa ya fi kowanne faɗin gaskiya: mai tsaron gida. Mutumin Zongo kuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan suna. Zango tun asalinsa masaukin fatake ne, inda baƙo daga Kano ko Maraɗi ko Gaya zai sauke kayansa a hannun maigida, ya shiga kasuwa hankali kwance. Shekara ashirin maigida zai yi yana riƙe dukiyar mutane ba wanda ya yi masa kirari, amma ran da ƙunshi ɗaya ya ɓata, sunansa ya shiga bakin duniya. Haka sana'ar gola take. Amana ce, kuma da ranar asara ake auna mai riƙonta.

Gidan da aka ba shi tsaro faɗinsa mita 7.32 ne, tsayinsa mita 2.44, babu ɗan Adam da zai rufe shi da jikinsa. Saboda haka aikin ba a tsalle yake farawa ba, a tsayuwa yake farawa. Gwanin gola yana matsowa taku biyu ko uku daga layi don ya ƙuntata wa mai bugu hanya, yana bin ƙwallo da ƙananan taku, dugadugansa ba sa zama a ƙasa. Wanda ka ga kullum yana shawagi a sama kamar shirwa, sau da yawa tun farko bai tsaya inda ya dace ba. Sai hannu: ƙwallon sama a tare ta da tafuka biyu, manyan yatsu a bayanta; ta ƙasa a rungume ta a ƙirji, jiki na bayanta ko da za ta suɓuce. Wadda ba ta kamuwa a ture ta gefe ko a naushe ta nesa, kada a mayar wa abokin gaba ita a ƙafa. Faɗuwa ma ilimi ce, a kan gefen jiki ake sauka, ba a kan gwiwar hannu ko ciki ba. Na ƙarshe shi ne baki. Gola kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya, shi ke jera katanga in za a yi bugun tazara, shi ke tsawata wa 'yan baya, domin ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sana'ar ba ta tsaya inda iyayenmu suka san ta ba. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsu ya mayar masa da ƙafa da gangan, daga ranar ƙafarsa ta zama kayan aiki kamar hannunsa. Wanda ya kalli Manuel Neuer na Jamus a karawarsu da Aljeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014 ya ga inda abin ya kai: mutum ya bar raga, ya fito wajen da'irarsa yana share ƙwallo kamar ɗan baya. A 2025 kuma aka ƙayyade masa daƙiƙa 8 na riƙe ƙwallo a hannu, in ya wuce a ba abokan karawa bugun kusurwa.

Yaron Zongo da ya ɗauki wannan hanya yana cin karo da wahalhalun da ɗan gaba bai san su ba. Ƙasar lungu ba ta faɗuwa ba ce, don haka mai son koyon shawagi sai ya nufi yashin bakin teku, irin na Fidjrossè. Safar hannu ta ƙwarai tsada gare ta, kuma tafinta na saurin cinyewa a kan ƙasa mai tsakuwa, shi ya sa da yawa da ta gwanjo suke farawa. Babbar wahalar ita ce gurbi. Ƙungiya na iya saka 'yan gaba uku a wasa ɗaya, amma gola ɗaya tak take sakawa, kuma ba a cika canza shi ba. Na biyu zai iya cinye kaka guda a benci, yana atisaye kullum kamar gobe shi ne a raga. Duk da haka akwai waɗanda suka ci abinci da ita. Rachad Chitou, wanda ya tsare wa Benin gida a shekarun da ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka, har Bauchi sana'ar ta kai shi, ya yi wa Wikki Tourists wasa. Saturnin Allagbé daga ASPAC, ƙungiyar tashar jiragen ruwan Kwatano, ya tafi Niort ta Faransa, daga can ya wuce Dijon.

Allagbé ne ya nuna wa ƙasar ranar daɗin sana'ar. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar, a bayan gola na farko Fabien Farnolle ya tafi, kocinsu kuma Michel Dussuyer ne, wanda shi ma tsohon gola ne. Ranar 5 ga Yuli suka haɗu da Maroko a Alƙahira. Aka yi kunnen doki 1-1, Hakim Ziyech ya sami fenariti ana dab da tashi ya daki turke, Benin ta ƙarasa ƙarin lokaci da mutum goma. Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, Sofiane Boufal ya ɗaga tasa sama, Allagbé ya ture ta Youssef En-Nesyri, aka tashi 4-1. Karon farko ke nan da Benin ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, kuma a daren sunan gola ne a bakin kowa.

Amma Kwatano ta ga ɗaya fuskar sana'ar. A watan Janairun 2005 Benin ta karɓi baƙuncin gasar matasan Afirka 'yan ƙasa da shekara 20, a wasan buɗewa Najeriya ta ci ta 3-0 a Kwatano. Wanda ya tsaya wa Benin a raga shi ne Samiou Yessoufou, da ake wa laƙabi da Campos, sunan shahararren golan Meziko. Bayan wasan wasu suka far masa da dare, raunukan suka yi ajalinsa. Abokansa suka shanye hawaye suka ci gaba da gasar, suka zo na uku, suka sami gurbin gasar duniya ta matasa a Holan. Shi bai je ba. Allah Ya jiƙansa. Kuma ɗabi'ar jibga wa gola laifin mutum goma sha ɗaya ba ta gushe ba: da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci 1-0 a Garwa a Janairun 2022, Maduka Okoye, haifaffen Jamus, har barazanar kisa ya sha.

Ba ko'ina ake yi wa gola haka ba. Ba wai gololin Jamus, misali, ba sa kuskure ba ne. A gasar duniya ta 2002 ƙwallo ɗaya kacal aka ci Oliver Kahn kafin wasan ƙarshe, sai ga shi a Yokohama bugun Rivaldo ya suɓuce masa, Ronaldo ya ƙarasa ta cikin raga, Brazil ta ɗauki kofi da ci 2-0. Duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon gasar, abin da ba a taɓa yi wa wani gola ba. An auna shi da wata guda na aiki, ba da daƙiƙa ɗaya ba. Kuma mai horar da shi a Bayern Munich da ƙungiyar ƙasa Sepp Maier ne, golan da ya ci kofin duniya a 1974. Wato hannu da hannu ake miƙa sana'ar, daga maigida zuwa yaronsa, yadda maƙeri ko mahauci ke yi a wurinmu.

Wannan kuwa ba sai an sayo mana shi daga Turai ba. Duk unguwar da aka daɗe ana buga ƙwallo akwai tsohon gola a cikinta, yana zaune a shago ko a bakin masallaci, yatsunsa a karkace saboda tsohon targaɗe. Abin da ya sani bai kamata ya bi shi kabari ba. Ya ja yaron nan da aka tura tsakanin duwatsu biyu, ya nuna masa yadda ake tsayuwa da yadda ake faɗuwa. Mu kuma 'yan kallo, ran da ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashinsa, ya juya ya ɗauko ta shi kaɗai kansa a sunkuye, mu tuna cewa mutum goma ta ratsa kafin ta iso gare shi. Wanda ya karɓi amanar da kowa ya gudu daga gare ta, abin da ya cancanta daga bakinmu shi ne, "Sannu da aiki, tashi ka koma gidanka."